Batirin da aka farfaɗo ko sabon litiyom a motar kwana

Malam, tsakanin batirin da aka farfaɗo da shi da sabon litiyom a matsayin batir na biyu (wanda ke ba firji da fitilu wuta, ban da na injin) a motar kwananka, ka daure ka sayi litiyom nau'in LiFePO4 mai 100Ah (Ah shi ne ma'aunin yawan cajin da batir ke riƙewa).

Irinsa ne a ƙarƙashin kujerar Ford Transit ɗina a nan Ingila. Bara da rani muka je tsaunukan arewacin Sikotland da iyali, muka yada zango inda babu wurin jona wuta. Firji yana aiki dare da rana da naman da uwargida ta soya da madarar yara a ciki, ana cajin wayoyi, da asuba kuma na kunna fitila mu yi salla ba tare da na leƙa mita da fargaba ba. Da ƙaramar sola a saman motar da ɗan cajin da yake samu in muna tafiya, bai taɓa barinmu cikin duhu ba. Wallahi wannan kwanciyar hankalin ta fi kuɗin da na biya.

Lissafin ma yana bayansa. Batirin dalma, wato irin wanda ake farfaɗowa, ko sabo ne fil, ba a son a ja fiye da rabin cajinsa, wato mai 100Ah kusan 50Ah kawai zai ba ka in kana son ya yi ƙarko. Litiyom kana cin 80Ah zuwa 90Ah lafiya lau. Nauyinsa wajen kilo 12, na dalma kuwa kilo 25 zuwa 30. Na dalma yakan gaji bayan an cika shi an sauke sau ɗaruruwa, LiFePO4 yana wuce sau 2,000.

Wanda aka farfaɗo fa? Yana da araha, kuma in fitila da cajin waya ne kawai na kwana ɗaya, zai lallaɓa. Iyakarsa ke nan. Abin da masu gyara suke yi shi ne su ƙara masa tataccen ruwa, su yi masa caji na musamman don narkar da gishirin da ya daskare a jikin farantan ciki saboda an bar shi babu caji. Amma dalmar da ta riga ta zube daga farantan ba ta dawowa. Sannan batir mai ruwa yana fitar da iskar haidirojin mai kama wuta lokacin caji, kai kuma a ciki za ka kwana da yara, dole sai an yi masa akwati mai mafitar iska zuwa waje.

Ka yi hattara da masu sayarwa, don nan ake cutar mutane. Da yawa cikin abin da ake kira farfaɗaɗɗe batirin tayar da mota ne aka goge aka manna masa sabuwar takarda. Farantansa sirara ne, an yi su don bugun daƙiƙu kaɗan, firji zai kashe shi da wuri. Wani kuma zai cire batir daga caja ya ɗora mita ya nuna maka 13V. Wannan cajin sama ne, wanda yake sauka da zarar batirin ya huta. Lafiyayyen batirin dalma da ya huta awanni yana nuna 12.6V zuwa 12.7V, kuma ko hakan ba ya gaya maka yawan abin da zai riƙe. Ka jona masa ƙwan fitilar mota mai wat 55: mai 100Ah na gaske zai yi wajen awa goma kafin ya kai rabi. Wanda ya hana ka gwadawa, ka riƙe kuɗinka. A litiyom ma akwai masu haɗa tsofaffin ƙwayoyi cikin sabon kwando, don haka ka saya inda za a ba ka garanti a rubuce.

In ka sayo, kada ka jona shi kai tsaye da batirin injin. Ka sa cajar DC-DC a tsakani, wato mai daidaita wutar da ke zuwa daga injin, musamman in motarka Euro 6 ce (ƙa'idar hayaƙin motoci ta Turai), ka kuma sa fis kusa da kan batirin. Ka zaɓi mai BMS (na'urar da ke kare batirin) da ke yanke caji in sanyi ya sauka ƙasa da digiri 0, don caji cikin ƙanƙara yana lalata shi, kuma ka san hunturun nan. In kuɗin bai kai ba yanzu, ka sayi sabon AGM (rufaffen batirin dalma) wanda aka yi don motar kwana, kada kuma ka haɗa shi layi ɗaya da tsohon batir.