Hattara da masu "saita kamara" daga nesa

Jama'a, don Allah ku isar da wannan ga iyayenmu da yayyenmu da suka sayi kwamfuta domin su riƙa ganin 'ya'yansu da abokan arziki da ke Saudiyya, Masar ko Ingila ta kiran bidiyo. Akwai 'yan damfara da suka mayar da su abin farauta.

Sukan tallata kansu a Facebook ko a zaurukan WhatsApp cewa su masu gyaran kwamfuta ne, za su saita maka kamara da Zoom, manhajar kiran bidiyo, a kuɗi kaɗan ba sai ka fita daga gida ba. Da ka amince, sai su ce ka sauke AnyDesk ko TeamViewer, ka karanto musu lambar da ta bayyana. Manhajojin nan na halal ne, amma aikinsu shi ne su ba wani damar juya kwamfutarka kamar yana zaune a gabanta. Yana ganin hotunan iyalinka, da imel ɗinka, da duk kalmar sirrin da ka adana. Daga nan sai ya ce ka shiga asusun bankinka ka biya shi ladan aikin, alhali idonsa na kan abin da kake dannawa.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne, aikin da ake karɓar kuɗi a kansa ba ya buƙatar kowa. Yawancin kamarorin USB, kana soka su a kwamfuta mai Windows 10 ko 11 suke fara aiki. Ka buɗe manhajar Camera, in ka ga fuskarka, shi ke nan. Zoom kyauta ake sauke shi daga zoom.us, taron kyauta kuma minti 40 ne. Google Meet ma ba sai ka sauke komai ba.

Akwai kuma masu kira da sunan tsofaffin ɗaliban makarantarku, wai za a yi taron bidiyo da daddare, ka karanto lambobi 6 da aka turo maka. Wannan lambar ta buɗe WhatsApp ɗinka ce a wayarsu. Kafin ka farga sun fara roƙon kuɗi da sunanka wajen 'yan'uwanka, har da ƙaryar asibiti.

In an riga an yi maka, cire intanet daga kwamfutar nan take, ka goge manhajar da suka sa ka sauke, ka kira bankinka su toshe asusun, sannan ka sauya kalmomin sirri ta wata na'urar daban. WhatsApp kuwa, sake rajista da lambarka. In ɓarawon ya sa nasa PIN, za ka jira kwana 7. Ka sanar da mutanenka ta kiran waya kada su tura wa kowa ko sisi, ka kuma kai ƙara wajen 'yan sanda ko EFCC tare da lambar asusun da suka ba ka.