Wayback Machine: Rumbun da Ya Dawo Min da Rubutuna

Shekara shida na yi ina rubuta wa wata jaridar intanet sharhi. Wata safiya na je ɗauko wani tsohon rubutu, na tarar da shafin babu shi babu dalilinsa. An rufe jaridar, ko sallama ba a yi mana ba. Kwafin da nake da su kuwa sun bi wata kwamfuta da ta mutu tun tuni.

Wata abokiyar aiki ce ta ce in gwada Wayback Machine, wani rumbu da ke adana kwafin shafukan intanet. Amfani da shi ba wuya: ka shiga web.archive.org, ka liƙa adireshin shafin da ya ɓace, sai kalanda ta fito da ɗigo-ɗigo a kan ranakun da aka ɗauki kwafinsa. Na danna wata rana a 2016, sai ga rubutuna, har da kuskuren da na tafka a kanun labarin, wanda da so samu ne ya ɓace har abada.

Cibiyar Internet Archive ce ke kula da shi. Brewster Kahle ya kafa ta a 1996 a San Francisco ta Amurka, aka buɗe wa jama'a rumbun a 2001, kuma a 2025 shafukan da ke ciki suka kai tiriliyan ɗaya. Ba ta neman riba, da gudummawa take tafiya, ba a kuma biyan ko sisi kafin a duba.

Kada dai a ɗauka komai na ciki. Na'urorinsu abin da suka ci karo da shi suke kwafa, kuma duk abin da sai da kalmar sirri ake shiga ba sa isa gare shi. Shi ya sa na fi son maɓallin Save Page Now, inda kai da kanka za ka sa a adana shafi nan take.

Abin da ke sa ni fargaba shi ne, rumbun ma yana da nasa maƙiyan. A Oktoban 2024 masu kutse sun sace bayanan masu rajista miliyan 31, shafin ya yi kwanaki a rufe. Shari'ar da kamfanonin buga littattafai suka yi nasara a kan Internet Archive kuma ta sa an cire littattafai sama da 500,000 daga sashenta na ba da aron littattafai.

Don haka duk rubutun da na gano, na sauke shi na ajiye a wuri biyu. Yanzu ina kan na 2018.