Gwajin TCD ga yara masu sikila a Legas: abin da na gani

A watan jiya na kai ɗana mai shekara 5 wata cibiyar kula da masu sikila a nan Legas domin gwajin TCD, wato auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa, wanda likitoci ke so a riƙa yi wa irin waɗannan yara duk shekara, daga shekara 2 zuwa 16. Mun baro Agege bayan sallar asuba, amma sai da hantsi ya dubi ludayi kafin layi ya zo kanmu. Babu kuma ma'aikaci mai jin Hausa, har sai da na yi wa wata baiwar Allah daga Idi-Araba tafinta, kuma wannan gibi ne da ya kamata a cike.

Gwajin kansa ba shi da wahala. Ana shafa wa yaro wani mai a gefen kai, kusa da kunne, a ɗora ƙaramar na'ura mai auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa, ba allura, ba zafi. Idan gudun ya kai santimita 200 a daƙiƙa, alama ce jijiya ta ƙuntace, kuma yaron yana cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki, ciwon da mutanenmu kan ɗora wa iska ko sammu. Na ɗana ya tsaya ƙasa da haka kaɗan, aka ce mu dawo nan da wata uku.

Abin da ya fi burge ni shi ne bayanin likitar. Ta ce a da ƙarin jini kowane wata shi ne kariyar da aka sani, bisa wani binciken Amurka na 1998, abin da talaka ba zai iya jurewa ba. Sai binciken da aka yi a Kano, wanda Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Jami'ar Vanderbilt suka shiga, aka kuma wallafa a 2022, ya nuna cewa maganin hydroxyurea, ko da miligiram 10 ne a kan kowane kilo na nauyin yaro, yana ba da kariya kwatankwacin miligiram 20.

Daga nan ta miƙo mini takardar neman izinin sanya sakamakon ɗana cikin wani bincike, ba tare da sunansa ba. Gabana ya faɗi, domin duk Bakanon da ya san abin da ya biyo bayan gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba ya saurin sa hannu. Ba ta matsa mini ba. Ta ce ƙin yarda ba zai rage komai daga kulawar da ake ba yaron ba, kuma ina iya janyewa duk ranar da na ga dama. Na tafi da takardar gida, ni da mahaifiyarsa muka bi ta layi-layi, washegari na mayar da ita da sa hannuna.