Gidan Bukharin bayan ofishinmu a Jidda, da kalacin riyal 214 da aka ja ni na ci ran Asabar

Wani yaron gidanmu da ya sauka Jidda wata biyu da suka wuce ya ishe ni da waya, wai Kawu dan Allah ina ake cin abincin rana a garin nan wanda mutum zai ƙoshi kuma albashi ya ga ƙarshen wata, dan shi tunda ya zo Al Baik kawai ya sani. Na ce masa ai ba laifinka ba ne, duk wanda ya taɓa zuwa Umara ko Hajji da labarin kazar nan da tafarnuwarta yake komawa gida, kuma nan Jidda ne asalinta tun 1974, amma cikin da aka raina da tuwo ba zai rayu da soyayyar kaza kullum ba. Toh maimakon in yi ta maimaita masa a waya na ce bari in rubuta, ko wani ma ya amfana.

Sunan wajen kam ba zan faɗa ba, dan akwai yabo akwai ƙorafi, ban so a ce an biya ni, ban kuma so in taɓa wa bawan Allah kasuwa. Wani gidan shinkafar Bukhari ne a wani lungu can wajen Bab Sharif, taku kaɗan daga ofishin kago da nake aiki, kuma irinsa sun fi a ƙirga a garin nan, in ka ga ɗaya kusan ka ga sauran.

Da can ni ba na cin abincin waje. Akwai wata Hajiya 'yar Katsina da ke aiko mana da kula daga unguwar Karantina, yau tuwon shinkafa miyar taushe, gobe shinkafa da wake da mai da yaji, ranar da ta ga dama har ɗan wake. Sai aka zo rusau ɗin nan da aka fara ƙarshen 2021 aka ci gaba a 2022, su Sabil da Gulel da Karantina duk aka tashe su, mutanenmu suka watsu, Hajiya ta koma wajen 'yarta a Makka, mu kuma muka wayi gari ba kula ba dalilinta. Yunwa ce ta kai ni gidan Bukharin nan, ba sha'awa ba, ga shi yanzu shekara uku da wani abu kusan kullum sai na leƙa, Lahadi zuwa Alhamis.

Kana shiga za ka ga tukunya ƙatuwa an karkata ta a bayan gilashi, gefe kaji na juyawa a jikin ƙarfe, can ciki kuma gawayi ne da wani yaro yana ta fifita. Tambayar farko da za a maka ita ce "mahalli walla safari?", wato a nan za ka ci ko ɗaure maka za a yi. Sai ka zaɓi kaza, shawwaya ita ce mai juyawa a na'ura, faham kuma ta gawayi. Ni dai faham, kullum. Ka ce rubu in kai kaɗai ne, nus in kana da abokin ci ko ka wuni kana ɗaga kwali. Rubu'in kaza da shinkafa riyal 13 suke sayarwa yanzu, rabi 24, lokacin da na fara zuwa bai kai haka ba, amma me ya tsaya a inda yake. Da haraji a ciki, dan tun Yulin 2020 da aka mayar da shi kashi 15 cikin ɗari na koyi tambaya kafin in zauna a ko'ina.

Shinkafar ita ce magana. Doguwar ƙwaya ce, wara-wara, in ka damƙa ba ta manne maka a hannu kaman tuwo, launinta ya so ya yi kama da dafa-duka sai dai ba ta kai ta ja ba, kuma babu barkono ko ɗis. A romon kaza ake dafa ta da albasa da tumatir da karas da aka yanka siriri, ga ƙamshin kirfa da kanumfari, wani lokaci ka ci karo da zabibi. Sunan daga Bukhara ya samo asali, garin su Imam Bukhari a Uzbekistan ta yanzu, mutanen yankin da suka zo suka zauna a Hijaz ne suka shigo da ita, ko da yake yau in ka leƙa kicin ɗin yawancin gidajen nan 'yan Afganistan za ka gani. Namu ma haka ne, dattijo ne mai jan gemun lalle, kowa mu'allim yake ce masa, shi kuma duk baƙar fata Hajji ne a wajensa ko da jiya ka sauka daga jirgi. Kar ka haɗa ta da mandi fa, wasu sabbin zuwa duk shinkafa da kaza kabsa suke ce mata. Mandi na mutanen Hadramaut ne a Yaman, a rami ake yi, nama a sama shinkafa a ƙasa maiƙon yana ɗiga a kanta, a rufe ruf hayaƙi ya ratsa. Yana da daɗi sosai amma nauyi gare shi, ka ci mandi da azahar toh ka nemi katifa, ba kwamfuta ba.

Ana shimfiɗa maka leda a kan kafet, sufura kenan, a ajiye faranti da ɗan ganyen salak da suke kira jarjir da albasa da lemun tsami, sai wani ɗan kofi na markaɗaɗɗen tumatir da suke kira salata harra, wai mai yaji. Wallahi ranar farko dariya na yi. Yajin da jaririn Kano zai sha da cokali. Washegari na zo da yajin ƙulina a kwalba, wanda ake aiko min daga gida, na barbaɗa a kan kazar, mu'allim yana ta kallona daga inda yake zuba shinkafa har ya kasa haƙuri ya taso, ya dangwala da yatsa ya lasa. Ya yi shiru na ɗan lokaci, idonsa ya kawo ruwa, sai ya ce "Hajji, haza fi nar!" wato akwai wuta a ciki, ya ruga ya buɗe laban, nonon nan na sha. Amma ka san me, bayan sati ɗaya shi da kansa ya ce in bar kwalbar a wajensa, yanzu haka tana nan bayan na'urar kuɗi, kuma tana ƙarewa da saurin da ni kaɗai ba zan iya ba. Ban yi mamaki ba, dan mutanen Makka sun daɗe da sanin wannan haɗin, siriye ɗin da suke layi a kansa ai tsirenmu ne sunan ya ɗan karkace a bakin Larabawa, kaman yadda 'yan Sudan suke ce wa nasu agashe.

In ka gaji da busasshiyar shinkafa akwai miya a gefe, idam suke cewa, riyal 5 ko 6 ƙaramin kwano. Bamiya kuɓewa ce ɗanya da tumatir, mulukiyya kuma lalo ne sak, in ban da babu daddawa babu kanwa. Mulukiyyarsu ba laifi. Bamiyar kuwa ruwa tsululu, na gwada sau biyu na haƙura.

Yanzu ƙorafi. Lokaci shi ne komai a wajen nan. In ka zo ana idar da azahar, wajen ƙarfe ɗaya, shinkafa sabuwa ce daga saman tukunya, kaza ta gasu a natse. Amma mutanen ƙasar nan sai biyu zuwa uku suke cin na rana, toh daga biyu da kwata wajen ya zama tasha, direbobi, 'yan dako, masu kai saƙon abinci da jakunkunansu sun cika ƙofa, yaron gawayi sai ya fara sauri, kuma sau uku ina tsaga cinya ina ganin ja a jikin ƙashi. Sun canza min ba musu, gaskiya ɗaya ce, amma wa ke son ya ga haka yana tsakar ci. In kuma ka wuce uku da rabi gindin tukunya za a kwaso maka, mai ya kwanta, ga ƙanzo, ni da nake son ƙanzo ma sai da na ce a'a wannan ya yi yawa. Sannan iyakwandishan ɗinsu ɗaya ne tsoho, bazarar bara ya mutu kusan kwana goma a tsakiyar Agusta, wanda ya san zafin Jidda da gumin tekun nan ya san me nake nufi, kana ci riga tana manne maka a baya. Wajen wanke hannu famfo biyu ne, sabulun gari irin na wanki. Fakin kuwa kar ma ka fara, zo da ƙafa. Na taɓa yin oda ta manhajar waya ranar da aiki ya riƙe ni, abincin riyal 13 ya tashi kusan 30 da kuɗin kawowa, ya iso da sanyi bayan minti hamsin, alhali daga tagar ofis ina hango hayaƙinsu.

Wani abu kuma, waje ne na maza zalla. Tun ƙarshen 2019 aka daina tilasta wa gidajen abinci raba ƙofar iyali da ta gwauraye, amma nan ba doka ba ce ta hana, yanayin wajen ne, ban taɓa ganin mace ta zauna ba kuma ni ma ba zan kai tawa ba. Sai dai safari.

Wannan ne ma ya jawo min abin da ya same ni Asabar ɗin da ta wuce. Uwargida, wadda haifaffiyar Makka ce Hausarta rabi Larabci, ta ce Baban Ummi kullum sai dai ka shigo mana da leda, yaushe za mu fita mu zauna a waje kaman mutane. Ita kuma Ummi ta riga ta gano wani waje a Snapchat a titin Tahliya, inda ake cin abin nan da 'yan gayu ke kira buranshi, kalacin hantsi dai, bai zama karin kumallo ba bai kai abincin rana ba. Tunda aka mayar da hutun mako Juma'a da Asabar a 2013, Juma'a ta masallaci ce da ziyara, Asabar kuma ta zama ta irin wannan fitar.

Mun isa sha ɗaya saura, aka rubuta sunana aka ce mu jira, minti arba'in muna tsaye. Da muka zauna babu takardar abinci, sai ka haska wata lamba da waya, gaban kowane abinci an rubuta kuɗinsa da adadin kalori kaman yadda doka ta ce tun 2019, ni dai layin kuɗin na bi. Burodi yanka ɗaya an shafa masa fiya an ɗora ƙwai biyu, 58. Shakshuka, wato ƙwai a miyar tumatir, 46. Fanken Turawa guda uku da zuma, 44. Kofi biyu 42, lemon Ummi 24. Jimla 214. A zuciyata na raba da 13, ya ba ni abincin rana na kwana 16, har da canji. Kafin a taɓa komai kuma sai da aka ce in janye hannuna za a ɗauki hoto, ƙwan ya huce.

Amma bari in yi adalci, dan ba komai ne tsada kawai ba. Shakshukar ta yi daɗi ƙwarai, tumatir ya soyu, an sa cuku mai gishiri, na share kaskon da burodi tas. Wajen fes, sanyi ko'ina, bayan gida kaman na otal, 'yan matan da ke hidima 'yan ƙasa ne masu ladabi, ɗaya ta ji uwargida ta yi Larabcin Makka suka ɓarke da hira. Na kalli matata ta jingina tana kurɓar kofi ba ta tunanin wanke-wanke, ta yi awa biyu ba wanda ya ce tashi wani zai zauna, a nan na gane abin da na biya. A gidan Bukhari minti ashirin ka gama ka ba wani waje. Sai dai fa ni ban ƙoshi ba, kuma ba zan ɓoye ba, muna fita na tsaya na sayi mutabbak, soyayyar fulawar nan da ake naɗe ƙwai da nama a ciki, na ci a mota suna min dariya.

In kalacin hutu kake so na ƙoshi, ka tashi da sassafe ranar Juma'a ka je layin ful, wato dafaffen wake, da tamis, burodin nan mai faɗi da ake mannawa a cikin tanda a ciro shi da ƙugiya yana tururi, ka haɗa da ful kwano biyu da ma'asub, wato ayaba da burodi da aka kirɓa aka zuba kirim da zuma. Riyal 30 da 'yan kai gida duka ya ci har a rage. Mu'allim ɗinmu ma yana yi da safe, ful ɗinsa ya fi shinkafarsa ma in ka tambaye ni, sai dai takwas da rabi ya ƙare.

Maki na dai, gidan Bukhari bakwai cikin goma, in ka zo ƙarfe ɗaya kuwa takwas. Na Tahliya ban san me zan ba shi ba, uwargida ta ce goma, aljihuna ya ce uku, Ummi kuma har ta fara maganar wani sabon waje a bakin teku wai ana hango ruwan nan mai tsiri na Sarki Fahad daga tebur.

Kai kuma ɗana, gobe ɗaya saura kwata ka same ni a ƙofar ofis, kar ka ci komai da hantsi. Kaza ni zan biya, laban naka ne.