Gargaɗi ga matan da ke zaune a gida a Amurka: damfarar gammon ado

Assalamu alaikum 'yan uwa. Duk wadda ta ga talla a Facebook ana cewa za a biya ta kuɗi ta riƙa haɗa adon ƙofa na Kirsimeti daga cikin ɗakinta, ta tsaya ta karanta wannan kafin ta tura ko kwabo.

Ga waɗanda ke can ƙasarmu ba su san abin ba: wani zobe ne kamar ƙaton gammo, ana naɗa shi da waya, a manna masa busassun 'ya'yan itacen fayin, masu ɓawo-ɓawo kamar ƙaramar abarba, a ɗaura jan ƙyalle a rataye a ƙofa. Daga ƙarshen Nuwamba za ki gan shi kusan kowane gida a unguwarmu a jihar Ohayo. Kasuwarsa gaskiya ce, shi ya sa ƙaryar ta shiga.

Ƙanwar maigidana ce ta faɗa tarkon. Ba ta daɗe da zuwa ba, ga goyo, ga zaman kaɗaici. Masu tallar suka ce ta tura dala 85 kuɗin kayan farawa, su kuma za su sayi kowane gammo dala 40. Da kwalin ya iso ina wurin: zoben waya huɗu, sandunan gam, ƙyalle, da takarda ɗaya mai hoton da ko gani ba a yi sosai. 'Ya'yan itacen ma cewa suka yi ta je ta tsinto da kanta.

Baiwar Allah ta yi aiki. Ta tsinto su a filin wasan yara bayan ruwan sama, duk a tsuke, domin haka suke, danshi ya taɓa su sai su rufe, sun bushe su buɗe. Ta jiƙa su da ruwa da finiga, ta gasa su a tanda da wuta kaɗan don ƙwari su mutu, ƙaron ya narke. Gidan nan ya yi kwana uku yana warin daji. Bindigar gam ta ƙone mata yatsu biyu. Ta aika huɗu, kuɗin gidan waya daga aljihunta.

Amsa ta zo: ba su kai matsayin da kamfani ke so ba, gam ya fito a gefe. Ta sayi wani kwalin, ta sake. Wannan karon wai 'ya'yan ba girmansu ɗaya ba. Haba jama'a, a ina itace ya taɓa haifar 'ya'ya girmansu ɗaya?

Na ce mata, "Ƙanwata, ko mala'ika ne ya haɗa ba za su karɓa ba." Ta ce, "Anti, ai sun ce saura kaɗan." A nan dabarar take. Mutanen nan ba gammo suke saye ba, kwali suke sayarwa, kuma ke ce mai sayen. Hukumar kare masu sayayya ta Amurka, FTC, ta daɗe tana gargaɗi a kan wannan salo na aikin hannu daga gida. Akwai ma dokarta da ta wajabta wa mai tallar irin wannan sana'a ya ba ki takardar bayani kwana 7 kafin ki biya ko ki sa hannu. Su ko adireshin kirki ba su da shi, sai akwatin gidan waya.

Sun kuma nace a biya ta Zelle, wato manhajar tura kuɗi daga banki zuwa banki, ko katin kyauta, wato katin sayayya mai kuɗi a ciki, hanyoyin da in kuɗi ya fita da wuya ya dawo. Da katin banki na bashi ne, da ta iya kai ƙorafi wurin bankinta. In kuma an aiko miki da ceki mai kuɗi fiye da ƙima aka ce ki mayar da ragowa, kada ki taɓa shi. Banki zai nuna miki kuɗin, bayan makonni a gano na bogi ne, a cire daga asusunki.

Mun shigar da ƙorafi a ReportFraud.ftc.gov. Dala 170 dai har yau shiru. Sauran gammo uku na kwali na biyu da ba ta aika ba, maƙwabciyarmu Baturiya ta kai baje kolin cocinsu, an saye su kafin azahar.