Kura ko Maigatari: Amsa ga Ɗan'uwa Mai Neman Garin da Zai Ziyarta

Assalamu alaikum Malam. Tsakanin Kura da Maigatari da ka ce a zaɓa maka guda, domin ka ga kasuwa da sana'o'in gargajiya a wurin da hankali zai kwanta, shawarata ita ce ka tafi Kura. Na je garuruwan biyu, kuma na kashe kuɗina a kowannensu, don haka abin da zan faɗa maka daga abin da na gani ne da abin da na riƙe a hannuna.

Zan fara da Maigatari domin in ba ta haƙƙinta in wuce. Gari ne na kan iyaka a jihar Jigawa, cikin masarautar Gumel, yana maƙwabtaka da jihar Damagaram ta Jamhuriyar Nijar, kuma kasuwarsa ta ranar Alhamis tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na Afirka ta Yamma. Raƙuma da dawaki da jakuna da shanu da tumaki, balami da uda, duk za ka same su a kara ɗaya, ga kuma manyan motoci suna lodin dabbobi zuwa kudancin Najeriya. Wanda bai taɓa ganin garken raƙuma a kasuwa ba, lalle zai ga abin da zai ba da labari. Amma kwanciyar hankalin da kake nema ba ta haɗuwa da wannan kasuwa, domin ranar Alhamis ƙura ce da rana da ihun dillalai da ƙugin motoci tun hantsi har la'asar, sauran ranakun kuwa garin yakan yi tsit, amma abin da ya kai baƙo can ya watse. Sai ka zaɓi ɗaya, ko kasuwa ba natsuwa, ko natsuwa ba kasuwa. Ga nisa daga Kano, ga kuma yadda cinikin yake tashi da faɗuwa da halin da iyaka take ciki, kamar yadda aka gani a lokacin rufe iyakoki na 2019 da kuma bayan juyin mulkin Nijar na 2023. Abin da na taɓa saya a can rago ne, kuma ban ji daɗinsa ba, domin cikin da ya burge ni a kara ya saɓule kafin gari ya waye. Kasuwar 'yan kasuwa ce, mai sayen bijimai goma ya san abin da ya kai shi, mai zuwa kallo kuwa ba wanda yake da lokacinsa.

Kura tana kudu da birnin Kano a kan hanyar Zariya, tafiyar da ba ta kai awa guda ba idan hanya ta yi kyau, kuma motocin haya ba sa yankewa. Kada bakin titin ya ruɗe ka, domin can ma akwai hayaniyar motoci da masu talla kamar kowane garin kan hanya. Ka sauka ka shiga cikin gari, ka bi lungunan tsofaffin unguwanni, nan ne za ka fara jin sautin da ya sa nake ce maka ka je, wato ƙarar bugu, wadda take fitowa daga zauruka da rumfuna a jere, a tsare, kamar kiɗan da aka daɗe ana koyo.

Sunan garin nan ya shiga cikin sunan tufa, domin rawanin nan mai baƙin shuni da ƙyalli da ake kira ɗan Kura daga nan ya samo sunansa. Asalin aikin kuwa ya wuce Kura kaɗai. A labarin Hausa Bakwai, Kano da Rano su ne aka ce sarakunan baba, wato shukar da ake samun shunin rini daga gare ta, kuma Kura tana cikin wannan yanki na kudancin Kano da ya shahara da noman baba da rini. Baturen nan ɗan Jamus mai yawon bincike, Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin da ake saƙawa ake rinawa a ƙasar Kano suna kai wa har Tambutu da Murzuk da Tarabulus. Har gobe manyan masu sayen turkuɗin Kura, wato wannan ƙyalle mai baƙin shuni da ƙyalli, su ne Buzaye da sauran mutanen sahara, daga Agadas da Damagaram har ƙasar Mali, waɗanda suke naɗa shi a ranakun biki da sallah, kuma ba sa ƙin shunin da yake bari a fuska da wuya, a wurinsu ado ne.

Abin da ya fi burge ni shi ne yawan hannayen da tufa ɗaya take bi kafin ta zama abin sayarwa. Masaƙi ne zai fara saƙa ƙwarya ƙwarya na sawaye siraran gaske, wasu faɗinsu bai wuce na ɗan yatsa ba, sannan a kai wa maɗinka su harhaɗa su ɗaya bayan ɗaya har su zama faffaɗan ƙyalle. Daga nan sai marina. Rijiyar rini takan shige tsayin mutum a zurfi, a zuba mata ruwa da toka da baba da katsi, wato ƙonannen dattin da ake kwasowa daga gindin rijiyar rini, a bar ta kwanaki tana ruɓa, ana motsa ta, har marini ya ga alamar ta nuna. Idan ya tsoma ƙyalle ya ɗago shi, za ka ga ya fito da launi mai kama da kore, sai iska ta buge shi ya juya shuɗi a gaban idonka, kuma haka za a yi ta tsomawa ana ɗagowa har launin ya kai duhun da ake so. Bayan ya bushe sai a miƙa shi ga masu bugu, su ninke shi a kan dogon gungume mai santsi, su barbaɗa garin shuni da ɗan kitse, su yi ta dukansa da sandunan bugu suna juyawa suna ninkewa, har ya ɗauki wannan ƙyallin mai walƙiya da ja ja a cikin baƙinsa. A ƙarshe a naɗe shi a takarda domin kada ƙyallin ya dushe. Duk wannan kana iya ganinsa a ranar aiki kowace iri, ba sai ka jira ranar kasuwa ba, kuma wannan shi ne babban abin da Kura ta fi Maigatari da shi ga mai ziyara.

Ina da rawani ɗan Kura guda a akwatina, wanda na saya wa mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya kuma dawo hannuna bayan rasuwarsa. Ranar da na je sayensa, dattijon da aka haɗa ni da shi bai fara da maganar kuɗi ba. Shimfiɗa ya yi mini a zaure, aka kawo ruwa, ya tambayi wanda za a saya wa da shekarunsa da irin taron da zai riƙa halarta da shi. Da na ce masa dattijo ne mai zuwa ɗaurin aure da sallar idi, sai ya mayar da wanda na fara nunawa, ya ce wannan na Buzaye ne, ya yi tsawo da nauyi, zai gajiyar da wuyan tsoho, ya ɗauko wani wanda bai kai shi tsada ba ya ce shi ne daidai. Ya buɗe takardar a hankali, ya juya mini bayan ƙyallen domin in ga ɗinkin sawayen, ya kama hannuna ya goga a kai ya nuna mini shunin da ya kama yatsuna, ya ce in gaya wa Baba kada a kai shi wanki, kada a bar shi a wuri mai laima, idan an cire a mayar da shi cikin takardarsa. Mahaifina ya yi shekaru yana naɗa shi, kuma har yau ƙyallinsa bai mutu ba. Mutumin da ya rage wa kansa riba domin wuyan tsohon da bai taɓa gani ba, shi ne dalilin da ya sa nake tura mutane garin nan ba tare da ɗar ba.

Amma ba zan ɓoye maka ba, sana'ar ta ja baya ƙwarai. Rijiyoyin rini da yawa sun cike, yadin kanti mai araha ya cinye kasuwar saƙar hannu, kuma samari da dama sun koma noman rani da harkar shinkafa domin nan kuɗi yake zuwa da sauri. Idan ka je da tunanin za ka ga ɗaruruwan marina suna aiki a lokaci ɗaya, za ka dawo da ƙorafi. Abin da ya saura kaɗan ne, amma na gaske ne, masu yinsa don ciniki suke yi da abokan hulɗarsu na shekara da shekaru, ba don a zo a ɗauke su hoto ba.

Ta fuskar kasuwa kuma, ta Kura kasuwar amfanin gona ce. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aikin da aka fara a zamanin gwamna Audu Bako, aka jawo ruwa ta hanyoyin ban ruwa zuwa filayen Kadawa, yankin Kura da Garun Malam da Bunkure ya zama wurin da ake noma rani da damina. Shinkafa da alkama da masara da albasa da tumatir duk suna fitowa daga nan. A cikin gari za ka ga injinan casar shinkafa birjik, mata suna turara ta a gidaje, ana shanya ta a fili, ana auna ta da kwano ko a ɗinke ta a buhu, kuma za ka sayi shinkafar gida a hannun waɗanda suka gyara ta, a farashin da birni ba zai ba ka ba. Idan lokacin tumatir ne, ka ƙarasa kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan da sassafe ka ga kwanduna jere ana lodinsu zuwa kudu. Wurin yana da cunkoso, amma na ɗan lokaci ne, ka kalla ka koma bakin gonaki inda ba abin da za ka ji sai ruwa a magudana da tsuntsaye. Saboda haka nake ganin daga Disamba zuwa Fabrairu ne lokacin da ya fi dacewa, domin akwai sanyin hunturu, gonakin rani sun yi kore, kayan rini kuma suna bushewa da wuri. Ka guji ranar Juma'a, saboda masu sana'a sukan tashi da wuri domin masallaci.

Akwai abin da ba ka tambaya ba, amma dole in faɗa maka, shi ne ka yi hattara da masu algus. Da zarar an gane kai baƙo ne, za a samu wanda zai tare ka tun a bakin titi ya ce shi ɗan gidan marina ne, ya kai ka wurin wanda suka shirya da shi, a ɗora maka la'adarsa a kan farashi ba ka sani ba. Wasu kuma yadin kanti suke saya, su bi shi da layukan ɗinki domin ya yi kama da sawaye, su tsoma shi a rinin kanti, su goge shi ya yi ƙyalli, su sayar da sunan ɗan Kura. Ka juya bayan ƙyallen ka duba da kyau, na gaskiya za ka ga kowane sawu da bakinsa na saƙa, an haɗa shi da ɗan'uwansa, kuma ba za a rasa 'yar karkata irin ta aikin hannu ba, na jabu kuwa ƙyalle ɗaya ne shimfiɗe a ƙarƙashin ɗinkin. Kada ka ɗauki zubar shuni a hannu a matsayin aibi, kada kuma ka ɗauke ta a matsayin shaida ita kaɗai, domin na jabun ma ana barbaɗa masa. Ka tambayi mai kaya kai tsaye ko baba zalla ne ko an haɗa da garin rini na kanti, domin haɗawar ta zama ruwan dare a yau, kuma mai gaskiya zai faɗa maka ya rage maka kuɗi. Kada ka biya kuɗin abin da aka ƙi buɗe maka takardarsa. A wajen shinkafa ma haka, ka sa a soka buhun a ƙasa da tsakiya, domin akwai masu zuba tsintacciya a sama su cika ƙasa da karyayya da tsakuwa. Idan kuma wata rana ka je Maigatari sayen dabba, ka tafi da wanda ya san kara, saboda akwai masu ɗura wa dabba ruwan kanwa ko gishiri ta sha ruwa cikinta ya cika, mai kallo daga nesa ya ɗauka ƙiba ce.

Maganin yawancin wannan shi ne ka shiga gari ta ƙofarsa. Ka fara zuwa gaishe da mai unguwa ko wani dattijon da ake girmamawa, ka faɗi abin da ya kawo ka, shi zai haɗa ka da yaron da zai kai ka gidajen masu sana'ar na asali, kuma wanda aka kawo daga hannun mai unguwa ba a cika yi masa wasa da farashi ba. Ka nemi izini kafin ka ɗaga waya ka ɗauki hoton kowa, kada ka wuce zaure sai an ce ka shigo, idan kuma da iyali za ka je, su ne za su iya shiga cikin gida su ga aikin shinkafar mata su ba ka labari. Ka sa tufafin da ba ka jin tsoron su ɓaci, domin shuni ba ya tambaya kafin ya kama farar shadda. Ka tanadi ɗan abin goro ga masu bugu da marinan da suka tsayar da aikinsu suka yi maka bayani, ko da ba ka sayi komai a wurinsu ba.

Ba ka buƙatar kwana a can. Ka kwana a Kano, ka fita bayan asuba, ka fara da Kwanar Gafan idan lokacinta ne, ka shiga marina da hantsi, ka sayi shinkafarka bayan azahar, ka kamo hanya kafin magariba. Idan kana da saura lokaci washegari, ka leƙa marinar Ƙofar Mata a cikin birni, wadda ake cewa tun 1498 take, domin ka gwada abin da ka gani a wurare biyun. Allah ya kai ka lafiya, ya dawo da kai lafiya.