Daga Ingila Zuwa Daura: Amsata Kan Kiwon Salwa Da Makwarwa

Assalamu alaikum Yaya. Ina gaisuwa da fatan alheri, a gaishe min da Hajiya da mutanen gida duka.

Na saurari saƙonka cewa kana so ka zuba kuɗin sallamarka a kiwon salwa da makwarwa da fezan, wannan tsuntsu mai doguwar wutsiya da ka gani a bidiyo, kuma ka ce in duba yadda ake yi a nan. Na bincika. Biyu daga ciki ka cire su daga ranka.

Turawan nan ba don tukunya suke kiwon fezan da makwarwa ba, don harbi ne. Kowace shekara ana sakin miliyoyinsu a gandun masu hali, attajirai su biya kuɗi mai tsoka su wuni suna harbi. Doka ta yanka lokaci: makwarwa daga 1 ga Satumba, fezan daga 1 ga Oktoba, a rufe duka 1 ga Fabrairu. Mai kiwo yakan karɓi oda tun kafin ya sa ƙwai a injin ƙyanƙyasa, wato ya sayar da tsuntsun kafin a ƙyanƙyashe shi. Naman kuwa rara ce kawai. Lokacin sanyi yakan yi arha a wajen mahauta, mai ci yana taunawa yana fitar da ƙwayoyin harsashi. Ni dai ba na saya, tunda ban san wanda ya harba ba, balle in san ko ya yi bisimilla. Ƙwai da 'yan tsakin ma da yawa daga Faransa ake kawowa, shi ya sa da murar tsuntsaye ta afka wa yammacin Faransa a 2022 harkar ta girgiza a nan.

To wa zai biya ka a Daura don ya harbi makwarwa, alhali mafarauci na samun ta kyauta a daji? Mai sha'awar naman da ya fi na kaza ɗanɗano kuma, zabi na nan jibge a kasuwar Mai'adua duk Lahadi. Ga fezan da faɗa, ga son fili mai rufin raga, kuma ba ya ƙwai sai lokaci ɗaya a shekara.

Salwa ce ke da abin dubawa. Irin ta Japan ake kiwo a nan, ita ce kuma cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom da ke jihar Filato ta shigo da ita Najeriya a 1992, saboda haka ba sai ka nemo iri daga waje ba. Ƙwanta na ƙyanƙyashewa cikin kwana 17 zuwa 18, na kaza kuwa 21. Tana fara ƙwai da sati shida zuwa takwas, kuma idan ta samu kulawa takan yi 250 ko fiye a shekara, tana cin abin da bai wuce giram 30 ba a rana. A manyan kantunan nan ana jera ƙwan dozin-dozin cikin 'yar roba, da kwanan watan lalacewa a jiki, kuɗinsa na gogayya da dozin na kaza, duk da sai ka haɗa kamar biyar kafin su kai nauyin na kaza ɗaya. Kuma babu mai cewa yana maganin ciwon suga ko hawan jini. Abinci ne na marmari, shi ke nan. Ka tuna shekarun baya da aka yi ta yayata shi a gida Najeriya a matsayin maganin komai, kowa ya kafa keji, farashi ya faɗi warwas, aka bar mutane da tsuntsaye da bashin abinci.

Abin da ya fi burge ni shi ne hidimar da ke kewaye da mai kiwo. Abinci na zuwa har ƙofa, kowane matakin girman tsuntsu da buhunsa, an rubuta yawan furotin a jiki. Wuta ba ta ɗaukewa, ita kuwa salwar Japan ba ta cika kwanci ba, dole sai inji, kuma injin da ya huce na sa'o'i ya jawo asarar ƙwai. Gwamnati ma na sa ido: tun 1 ga Oktoba 2024, ko kaza ɗaya gare ka a bayan gida sai ka yi rajista, don a sanar da kai idan cuta ta ɓulla kusa. A Daura kai ne za ka zame wa kanka duk wannan: sola da batir, masara da waken suya daga Dandume ko Funtuwa, da rumfa mai shan iska saboda zafin Maris da Afrilu.

Shawarata, Yaya, kafin ka sayi ko ɗan tsako ɗaya, ka zagaya otal-otal da manyan kantunan Katsina da Kano, da masu gashi na bakin titi, ka ji nawa za su riƙa karɓa duk sati, kuma a kan nawa. In ka samu ko mutum biyu tsayayyu, ka fara da ɗari. Ka turo min farashin buhun abincin 'yan tsaki na yanzu da na ƙaramin inji mai aiki da sola, mu yi lissafi tare, ni zan ɗauki nauyin injin.

Ƙaninka.